Tsohon Soja Da Neman Abin Yi

Ran da soja ya tuɓe kaki, ran nan ya ke komawa farar hula kamar kowa. An yi masa faretin ban kwana, an ba shi takardar sallama, ya kwashe iyalinsa daga bariki ya nufo gida. 'Yan'uwa su taru, a yi ta barka da zuwa, a yanka kaji. Bayan mako biyu baƙi sun watse. Sai gari ya waye, ba a busa bigila ba, ba mai ba shi umurni, ba kuwa inda za shi. To, a nan ne wahalar ta ke farawa.

Mun san kusan kowane gari a ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu akwai mai ɗa ko ƙane ko miji a soja. Waɗansunku ma da ke zaune cikin ajin nan tsofaffin soja ne. Sabo da haka maganar ta shafe mu duka. Iyakar aikin soja shekara 35 ne. Wanda ya shiga yana ɗan shekara 20, zai fito yana da 55, da sauran ƙarfinsa, ga 'ya'ya a makaranta, ga 'yan mata sun isa aure. Wani kuma ba ya kai haka. Rauni ya kan sa a sallame shi, ko kuwa shi da kansa ya nemi a sallame shi tun yana saurayi. Dukansu tambayarsu ɗaya ce, watau me zan yi yanzu?

Yadda Aka Yi A Da

Wannan tambaya ba yau aka fara yinta ba. Cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945, Turawa sun ɗauki mutanen Nijeriya fiye da 100,000 aikin soja, da yawansu kuwa 'yan Arewa ne. Sarakuna da hakimai suka taimaka wajen tara su. Aka fara kai waɗansu wajen Habasha, suka yi yaƙi da Italiya a 1941. Daga 1943 aka ɗebe su cikin jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga dazuzzukan Bama suka kara da Japan. Barikin Chindit na Zariya da barikin Dalet na Kaduna, duk daga yaƙin nan suka samo sunansu. Yawancin mutanen nan a 1946 suka komo gida.

Sun komo da abin da ba su tafi da shi ba. Wani ya iya tuƙin mota, wani kanikanci, wani ya iya buga waya, wani ya koyi karatu da ɗan Turanci. Sun kuma saba da karɓar albashi kowane wata. Mutumin da ya ga teku ya ga Bombai, da wuya ya yarda ya koma ya duƙa da fartanya. Gwamnati ta hango haka, sai ta kafa doka a 1945 wadda ta ce ma'aikatu da kamfanoni su ware wa tsofaffin soja wani kaso cikin ma'aikatansu. Aka buɗe ofisoshin rubuta sunayen masu neman aiki. Amma masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. A nan Lardin Sakkwato, kamar sauran lardunan Arewa, waɗansu suka shiga aikin En'e, suka zama 'yan doka, da gandirobobi, da masinjoji, da direbobi. Saura suka gaji da jiran aiki suka koma gona, bayan kuɗin sallamar ya ƙare.

A lokacin nan ma Gusau tana da wuraren aiki. Tun wajen ƙarshen shekarun 1920 hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Ga kantunan Turawa masu sayen gyaɗa da auduga, ga injin gurzar auduga, daga baya cikin shekarun 1960 aka buɗe masaƙa. Wanda ya san aikin inji, ko ya iya tsare ƙofa, ya kan sami wurin shiga.

Haka aka sake yi bayan yaƙin basasa. Kafin 1967 sojan Nijeriya duka wajen 10,000 ne. Da aka gama yaƙi a 1970 sun kai wajen 250,000. Ƙasa ba ta iya riƙe su duka, sai aka yi ta rage su kaɗan kaɗan cikin shekarun da suka biyo. Su ne dattawan da mu ke gani suna fareti ran 15 ga Janairu kowace shekara, ranar tunawa da mazan jiya.

Yau fa? An mai da Gusau hedkwatar Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996, ofisoshi sun yi yawa, gari ya faɗaɗa. Amma masaƙa ta daina aiki, jirgi ba ya zuwa kamar da, ga samari masu takardun makaranta jibge suna jiran aikin da tsohon soja ya ke nema. Ba za mu ɓoye muku ba, wanda ya komo yana tsammani gwamnati za ta aiko a kira shi, zai daɗe yana jira.

Takardu

Abin da za a fara tsarewa shi ne takardu. Takardar sallama ita ce uwa. Ita ke nuna lambar mutum, da muƙaminsa, da shekarun da ya yi, da irin halin da ya fita da shi. Duk mai ɗaukar tsohon soja aiki ita zai fara tambaya, domin yana so ya tabbata sallamar mutum aka yi, ba gudu ya yi ba, ba kuwa korarsa aka yi ba. A kai ta wurin masu injin hoto a yi kwafi uku ko huɗu. A sa ta ainihin cikin leda, a ajiye ta inda gara da ruwan sama ba za su kai ba. Kwafin za a riƙa yawo da shi. Kada a bar ta ainihin a hannun kowa, ko da ya ce gobe zai mayar.

Sa'an nan a duba suna. Sau da yawa mutum ya shiga soja da sunan garinsu, a banki ya ba da sunan mahaifinsa, a katin ɗan ƙasa kuma an rubuta wani abu dabam. Shekarar haihuwa ma haka. Hukumar fanshon soja tana Abuja, ma'aikatanta ba su san fuskar kowa ba, abin da ke rubuce su ke bi. Harafi ɗaya in ya saɓa, ya isa ya tsai da kuɗin mutum wata da watanni. A gyara wannan tun ana bariki ya fi sauƙi ƙwarai. A kuma tabbata an rubuta sunan magaji daidai, matar gida ta san inda takardun su ke, gama ba wanda ya san gawar fari.

Ga inda karatun da mu ke yi a nan ya ke da rana. Wanda ya iya karanta takardarsa da kansa ba ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba.

Kuɗin Sallama

Wanda ya cika shekarun da doka ta yanka, ana ba shi kuɗi iri biyu. Akwai garatuti, wanda a ke bayarwa sau ɗaya a dunƙule. Akwai fansho, wanda ke zuwa wata wata har iyakar rai. Fansho bai kai albashi ba. Kuma a bariki mutum ba ya biyan kuɗin haya kamar na gari. Da ya fito, gida da wuta da ruwa duk sun koma kansa.

Garatuti shi ne ke ruɗin mutane. Mutum bai taɓa riƙe kuɗi mai yawa haka ba, kuma duk gari an ji labari. Nan da nan sai masoya su yi yawa. Wannan ya zo da maganar rance, wancan ya ce a kawo jari ya juya a raba riba, wani ya ce ya san wata bazawara mai hankali. Tsohon soja kuwa ya shekara talatin ba ya gida, yana jin kunyar ya hana. Kafin damina biyu sai ka gan shi a bakin tasha yana zaune, ba gida ba jari. Ba mu ce a hana zumunta ba. Amma kuɗin nan ba ya zuwa sau biyu, kuma waɗanda suka taya ci ba su kan taya nema ba.

Shawararmu ita ce, in kuɗin ya shigo banki, a bar shi ya kwana can wata uku ba a taɓa ba. Cikin watannin nan mutum ya zaga kasuwa, ya tambayi farashi, ya ga abin da ya sake tun bayan tafiyarsa. Sa'an nan ya fara da muhalli, ko ɗaki biyu ne, domin wanda ba ya biyan haya fanshonsa ya kan kai shi ƙarshen wata. Abin da ya ragu a kasa shi biyu. Kashi ɗaya jari, kashi ɗaya kuwa a bar shi sabo da ciwo da kuɗin makaranta. In jarin farko ya karye, kuma ya kan karye, akwai abin tashi.

A yi hankali da masu sayar da aiki. Za su ce akwai gurbi a ma'aikata kaza, a kawo kuɗi kaza a ba manya. Aikin gwamnati ba a sayar da shi bisa doka. Wanda ya biya aka cuce shi, kunya ma ba ta barinsa ya kai ƙara.

Sana'ar Da Ke Hannu

Da yawan tsofaffin soja in ka tambaye su abin da suka iya, sai su ce, "Ni ban iya kome ba sai harbi." Wannan ba gaskiya ba ne. Bariki gari ne guda. Akwai direbobi da makanikai, akwai kuku, akwai masu aikin asibiti, da masu gyaran rediyo da lantarki, da magina da kafintoci, da akawuna. Ko wanda bai yi ɗaya daga cikin waɗannan ba, in ya kai saje, ai ya riƙe mutum talatin, ya san yadda a ke raba aiki, ya ƙidaya kaya ya rubuta, ya zo wurin aiki a kan lokaci. Mai kamfanin gini da mai gidan mai da mai babban sito, irin mutumin da su ke nema ke nan. Abin da ya rage shi ne a gaya musu da harshen da za su gane.

Misali, in za a rubuta takardar neman aiki, kada a cika ta da sunayen bataliyoyi da wuraren da aka yi yaƙi. Mai kanti bai san su ba, wataƙila ma su ba shi tsoro. A rubuta suna da shekaru da inda a ke zaune. A ce, na yi shekara 12 ina kula da sito, kaya ba su taɓa ɓacewa a hannuna ba. Ko kuwa, na yi shekara 15 ina tuƙa babbar mota tsakanin Kaduna da Maiduguri. A sa sunan mutum biyu masu mutunci da za su tsaya wa mutum, a haɗa da kwafin takardar sallama. Shafi ɗaya ya isa.

Iyawa dabam, shaida dabam. Direban soja sai ya nemi lasin irin na farar hula kafin ya ɗauki motar haya. Makanike da mai walda da birkila da mai lantarki, akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Mataki uku ce, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Takardar nan ita kamfanoni su ke dubawa su yanka wa mutum albashi.

Wanda kuwa ba shi da sana'a, soja suna da wurin koyarwa a Oshodi cikin Ikko, watau Legas. Can a ke tura sojan ƙasa da na ruwa da na sama waɗanda suka kusa barin aiki, su yi wata shida. Ana koyar da kiwon kaji da kifi, da noma, da ɗinki, da walda, da kafinta, da yin sabulu, da yadda a ke riƙe lissafin kasuwanci. Ku da ke da 'yan'uwa a soja, ku aika musu da wannan saƙo. In lokacinsu ya zo, kada su ɗauki wata shidan nan hutu ne. Kuma su zaɓi sana'ar da za ta ci a garinsu. Wanda zai zauna a ƙauyen da ba lantarki, ya koyi abin da sai da lantarki, ya yi asarar wata shida. Mutumin Bunguɗu, da ya ke kusa da Gusau, ya iya yin kaji da ƙwai ya kai birni da safe ya komo. Mutumin Tsafe yana kan babbar hanyar Funtuwa, inda manyan motoci ke wucewa dare da rana, sabo da haka faci da kanikanci da sayar da abinci ba su rasa ciniki.

Waɗanda suka fito ba su sami zuwa Oshodi ba, ba a rufe musu ƙofa ba. Akwai hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, wadda aka kafa cikin shekarun 1980, tana da ofis a Gusau, ta kan haɗa masu koyo da masu sana'a. In ma ba ta nan ba, ai ga masu sana'a a gari. Abin da ya kan hana shi ne girman kai. Mutumin da ya sa igiya uku a hannu, ya zo yana miƙa wa yaro sa'an ɗansa sifana, abin da ciwo. Amma a tuna ran da aka shiga makarantar kurata ta Zariya, ai wanda ya fara koya wa mutum fareti bai tambayi ɗan wane ne shi ba.

Gadi

Aikin da ya fi saurin samuwa shi ne gadi. Bankuna da makarantu da asibitoci da gidajen mai duk suna son tsohon soja a ƙofa. Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya, wadda doka ta kafa tun 1964, tana da sashe mai sama wa 'ya'yanta irin wannan aiki, da tufafinsu na kansu. Ya kamata kowane tsohon soja ya je ya rubuta sunansa a reshen jiha, ko ba don gadi ba, domin can a ke jin labarin tantance 'yan fansho da sauran abin da ya shafe su. Akwai kuma kamfanonin tsaro masu zaman kansu. Kafin a shiga, a tambaya ko kamfanin yana da lasin, a kuma sa su rubuta albashi da awoyin aiki da ranar biya. Albashin gadi kaɗan ne, kwanan zaune kuwa yana cin jikin dattijo. A ganinmu a riƙe shi kamar matakala, a tsaya a kai shekara ɗaya ko biyu ana tara jari.

Sai mu zo kan maganar da kowa ya sani a ƙasar nan. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna addabar Zamfara, Tsafe da Bunguɗu kuwa sun sha nasu rabon. Sabo da haka duk ƙauyen da tsohon soja ya komo, ido ya kan koma kansa. A 2024 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara domin su taimaki soja da 'yan sanda. Wanda ya ke so ya ba da abin da ya sani wajen tsaron garinsu, ya bi ta hannun hakimi da hukuma. Amma ya sani ran da ya karɓi takardar sallama, ran nan izninsa na riƙe bindiga ya ƙare. Wanda aka kama da bindiga ko harsashi ba lasin, kurkuku za shi, shekarun da ya yi wa ƙasa aiki ba za su cece shi ba. Haka kuma sa kaki a tare hanya, ko a je karɓo wa wani bashi. Kuma akwai miyagu masu neman wanda ya iya gyaran bindiga ko koyar da harbi, suna zuwa ne daidai lokacin da aljihu ya bushe. Wannan ma dalili ne da ya sa mu ke ta nanata maganar tsare garatuti.

Gona

Yawancinmu manoma ne, tsohon soja ma ɗan manomi ne. Ƙasar nan tana ba da dawa da gero da masara da wake da waken suya da auduga, ga fadamun Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa ta Gusau da Bunguɗu, sabo da noman rani. Amma wanda ya shekara talatin bai riƙe hauya ba, ya zama baƙo a gonar ubansa. Iri ya sake, taki ya yi tsada, wataƙila ma ya tarar 'yan'uwa sun raba gonar. Maganar gado a gama ta a gaban mai gari ko alƙali, a rubuta, kafin a zuba ko buhu ɗaya na taki. Shekarar fari a noma kaɗan, a bi maƙwabci mai gwaninta a ga yadda ya ke yi, a nemi malamin gona.

Gonakin nesa da gari yanzu da hatsari, waɗansu ma an bar su. Sabo da haka kada a zuba dukan jari cikin abu ɗaya. Mun ga abin da ya faru a 2021, sa'ad da gwamnati ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita hawan babur, aka kuma yanke layin waya, duk don maganin ɓarayi. Wanda abincinsa duka ya rataya a kan babur ɗaya ko kasuwa ɗaya ya ji jiki. Wanda ke da 'yar gona kusa da gida, da tumaki biyu a turke, da injin niƙa ko keken ɗinki a zaure, bai kwana da yunwa ba.

Zama Da Mutane

Akwai abin da ba a rubuta shi a takardar sallama. A bariki in an ce a yi, sai a yi. A gari kuwa sai an yi gaisuwa, an tambayi iyali, an yi ciniki, an ce a dawo gobe. Tsohon samanja in ya daka wa lebura tsawa, leburan sai ya ajiye kwanon siminti ya tafi abinsa, ba kuwa gadurun da za a kai shi. Da yawa sun sami aiki mai kyau, zafin rai ya raba su da shi cikin wata guda.

Wani zafin ran kuwa ciwo ne. Mutumin da ya yi shekaru a dajin Barno, ya ga an kashe abokansa a gabansa, ya kan komo ba ya barci, ƙarar ƙofa ta firgita shi, ya riƙa faɗa da iyali ba dalili. Waɗansu su kan faɗa shan ƙwaya don su sami barci. Wannan ba hauka ba ne, ba kuwa ragonci ba ne, likitoci sun san shi, yana da magani. A kai shi babban asibitin tarayya na Gusau, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi asibitin Kware kusa da Sakkwato. Matar gida ita ke fara ganewa. In ta faɗa, 'yan'uwan miji su saurare ta, kada su ce tana tona masa asiri.

Mu kuma mutanen gari akwai namu. In za a zaɓi mai riƙe littafin ƙungiyar manoma, ko mai kula da rijiyar burtsatse, ko wanda zai tsaya kan ginin makaranta, a tuna da tsohon sojan unguwa, gama ya saba da riƙon kayan da ba nasa ba. In cikin ajinku akwai wanda ya komo bai daɗe ba, ya zo da kwafin takardunsa ran karatu mai zuwa. Malamin aji zai zauna da shi su karanta tare, su duba suna da shekarar haihuwa, su rubuta takardar neman aiki.